Ƙasar Tsibirin Kanya

Ranar da Kaltumi ta fita takaba ba ta buɗe rumfarta ta kifi a kasuwar Rumde Ajiya da ke Garwa ba. Ta ba 'yarta Ilham makulli, ta shiga motar Lagdo.

Mijinta Idrisa ya rasu ne a tsakiyar bazara, a wani tsibiri da ke can cikin tafkin Lagdo, inda yake sayen kifi a hannun masunta, ya yi banda, ya aiko mata a kwalaye. Zazzaɓi ya kama shi, bai daɗe a kwance ba ya cika. Yayansa Hamadu, wanda ke limanci a tsibirin, shi ya yi masa wanka ya sallace shi, aka binne shi a can tun kafin labari ya iso Garwa. Ita kuwa takaba ta tsare ta a ɗakinta a unguwar Jambutu. Duk watannin nan abin da ta sani game da kabarin mijinta shi ne abin da Hamadu ya faɗa mata a waya, cewa an sa shi a wuri mai kyau, mai taushin ƙasa. Tana so ta gani da idonta, ta yi masa addu'a, ta kwaso kayansa.

A bakin tafki ta sami Blaise, mai jirgin injin da ke ɗauko kifin tsibirin. Ya cire hula ya yi mata ta'aziyya, ya share mata wuri a kan wani buhun masara. Jirgin cike yake da itacen wuta, gishiri, jarkokin fetur, sabulu da kwalaye wofi. Kifi kaɗai tsibirin ke bayarwa, duk sauran abin da ɗan Adam ke bukata sai an kai masa ta ruwa.

Kaltumi ba ta taɓa hawa tafkin ba, duk da shekarun da ta yi tana cin abinci daga cikinsa. Ruwan ya yi jajir saboda damina, yana ɗauke da ciyayi da rassan itatuwa. Sun yi ta tafiya har gaɓa ta zama siririn layi a bayansu. Blaise ya ce bana ruwan sama ya yi yawa a duwatsun kudu, tafkin yana hawa da sauri irin yadda ya daɗe bai gani ba. Da suka wuce kusa da wani dutse da ke tsaye cikin ruwa, ya nuna mata wani farin zane da ya kewaye shi, ya ce nan ne tafkin ke kaiwa a shekarar da ya cika. Sai ya tambaye ta ko Malam Hamadu ya faɗa mata inda kabarin yake. Ta maimaita masa maganar taushin ƙasa.

Blaise ya sunkuya yana gyara wani abu a jikin inji wanda bai bukaci gyara ba. Can ya ɗago.

"Madam, in kin cire gonar wata tsohuwa, babu ƙasa mai taushi a tsibirin nan sai ta bakin ruwa. Ita kuwa ba tamu ba ce. Tafki ke ara mana ita da rani."

Ta riƙe gefen jirgin da hannu biyu har suka isa.

Tsibirin Kanya bai kai wata unguwa ɗaya ta Garwa girma ba. Kafin a gina madatsar, wadda kowa a nan ke kira baraj, tudu ne kawai a bayan wani ƙauyen manoma, inda awaki ke hawa kiwo. Da ruwa ya zo ya ci gonaki da gidaje, aka kwashe mutanen zuwa wasu wurare, ƙoƙuwar tudun ta rage a sama. Daga baya masunta suka fara zuwa, wasu daga bakin kogin Logone, wasu daga Cadi, wasu daga Najeriya, har da 'yan Mali, domin a lokacin kifi ya yi yawa har ana zubar da ƙanana. Banda tana cin itace, saboda haka suka sare bishiyoyin tudun ɗaya bayan ɗaya. Da bishiyoyin suka tafi, ruwan sama ya wanke ƙasar ya kai ta tafki, aka bar dutse tsirara. Kanya ɗaya ce ta tsira a can sama, ita ce sunan ya bi. Yanzu kifin ma ya ragu, amma mutanen sun zauna, bukkokinsu na ciyawa da leda suna manne a jikin duwatsu, hayaƙin banda yana tashi daga tsakaninsu.

Hamadu ya tarye ta a bakin ruwa. Mutum ne mai yawan kunya, mai magana a hankali, ya baro sana'ar gidansu ta kasuwanci a Garwa ya biyo ƙaninsa 'yan shekarun baya. Bayan gaisuwa ya so ta huta ta sha ruwa. Ta ce a fara kai ta wurin baban Ilham.

Suka zagaya ta gabas, suka gangara. Kabarin yana kan wani fili mai laka da ciyawa sabuwa, an jera masa duwatsu, an kafa guntun filafili a wajen kai. Ruwa yana 'yan taku kaɗan daga gare shi, yana lasar ciyawar. Kaltumi ta durƙusa ta yi addu'arta har ta gama. Da ta miƙe sai ta juya ta dubi dutsen da ke bayansu. Farin zanen nan da Blaise ya nuna mata yana nan a jikinsa, sama da kanta.

Hamadu ya ga inda take kallo, ya fara bayani tun kafin ta tambaya. Ya ce a da idan an yi rasuwa, gaɓa ake kai gawa a jirgin inji. Ran nan Blaise ya riga ya tafi da kifi, zafi kuma ya kai inda gawa ba ta jira. Sun gwada sama, diga tana dukan dutse tana fitar da wuta. Sai suka yi abin da suka taso suka ga ana yi a gida, suka nemi inda ƙasa ke karɓar diga, suka rufe shi kafin rana ta faɗi. A lokacin ruwa yana can nesa, har kututturan bishiyoyin tsohon ƙauye sun fito. Kuma tun da ya zo tsibirin, tafkin bai taɓa kaiwa nan ba.

Ta tambaye shi abin da za a yi yanzu. Ya ce ya san malamai sun yarda a canza wa mamaci wuri idan ruwa zai ci kabarinsa, amma a kai shi ina? Kai shi gaɓa bayan watanni sai da takardu da jandarmomi, kuma babu mai jirgin da zai ɗauka. Sama dutse ne. Ya ce ta yi haƙuri, ruwa na Allah ne, ƙasa ta Allah ce, matattun tsohon ƙauyen nan duka suna ƙarƙashin tafkin, babu abin da ya rage su da shi.

"Yaya, su ba a san ruwa zai zo ba aka sa su," in ji ta. "Kuma kifin ruwan nan nake sayarwa. A nan za a riƙa jan taru, dorina ta taka ta wuce. Da wane hannu zan jera shi a faranti in kira mutane su saya?"

Hamadu ya sunkuyar da kai. Ya ce bari ya yi magana da dattawa, amma muryarsa ta nuna ya riga ya yi, bai samu komai ba.

Baƙuwa mace a tsibirin wurin Dada Salamatu take sauka. Ita kaɗai ta rage cikin mutanen tsohon ƙauye, tsohuwa ce 'yar ƙarama mai kaifin baki, Hausarta gauraye da Fillanci. Ɗakinta yana ƙarƙashin kanyar. Kaltumi ta hau tana haki, sai ta tsaya cak, domin a bayan ɗakin, cikin wani kwari tsakanin manyan duwatsu biyu, akwai kore. Kuɓewa ce da yakuwa da barkono, an kewaye su da ganuwar duwatsu don kada ruwan sama ya tafi da ƙasar.

Tsohuwar ta ba ta tuwo da miyar kuɓewa ɗanya, ta zauna tana kallonta tana ci. Ta ce ta san Idrisa, mutumin kirki ne amma bai iya ciniki ba, kullum sai ta cuce shi wajen musayar ganye da kifi. Da wannan musayar take rayuwa. Matan masunta su kawo karfasa ko tarwaɗa, ita ta tsinko musu abin miya.

Kaltumi ta tambayi inda ƙasar ta fito. Dada Salamatu ta nuna ruwa da haɓa. Ta ce shekarar da tafki ya fara hawa, ba dare ɗaya ya zo ba, a hankali ya riƙa tahowa kamar mai jin kunya. Mutane suna kwashe jinka da tukwane suna bin motocin da aka kawo, ita da mijinta suna kwasar ƙasar gonarsu a kwanduna suna hawa tudu da ita. Mutane suka ce sun haukace. Suka yi ta yi har ruwa ya rufe gonar. Wannan da take gani, in ji tsohuwar, ita ce ƙasar ƙauyensu da ta rage a duniya.

A ƙarshen gonar akwai wani lungu da ba a shuka komai ba, an share shi tas. Kaltumi ta tambaya ko iri ne bai fito ba. Tsohuwar ta yi dariya ta ce nan gadonta ne. Sauran gonar ƙasar ba ta wuce tsawon hannu ba a taɓo dutse, amma a lungun nan dutsen ya tsage, ramin ya yi zurfin tsayuwar mutum, sun cika shi tun farko. Mijinta ya rasu a asibiti a Garwa, aka binne shi a can cikin mutanen da bai sani ba. Ita kam ta yi niyya a ƙasar ƙauyensu za ta kwanta. Kowa a tsibirin ya san wannan.

Sai Kaltumi ta gane abin da ya sa Hamadu bai ambaci gonar ba. Ta ajiye loma.

Gari ya waye da sanyi da gajimare a kudu. Ba a yi ruwa a tsibirin ba, amma an yi a wani wuri. Da Kaltumi ta gangara bayan sallar asuba, ta tarar ruwa ya taɓa duwatsun da ke wajen ƙafar kabarin. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta koma sama, ta sami tsohuwar tana tsinkar kuɓewa, ta durƙusa a gefen ganuwar.

Ta gaya mata abin da ta gani. Ta ce ta san abin da za ta roƙa ba abin roƙo ba ne, kuma da tana da wata ƙofa da ba ta zo wannan ba.

Dada Salamatu ba ta daina tsinka ba.

"Jiya kin ci miyata, yau kina son gadona. Gobe kuma me, 'yar birni? Haƙorana? Ba su da yawa."

Kaltumi ta ce ta ga akwai wata tsagar a bayan kanyar, mai zurfi kamar wannan, babu komai a ciki sai ganye. Ta yi alkawarin za ta cika ta da ƙasa daga gaɓa, buhu bayan buhu, a jirgin Blaise, har ta kai baki.

Tsohuwar ta ce ƙasar gaɓa ba ƙasar Kanya ba ce. Ta ce shekara nawa tana hana kanta shuka a lungun nan, ko da yunwa, sai yanzu a ba wani Bahaushen Garwa don yayansa bai iya karanta jikin dutse ba. Ta ce maza su je su gyara abin da suka ɓata. Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki.

Kaltumi ta zauna a wurin. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tashi ba. Daga nan sama ana ganin filin gabas sarai, da guntun filafilin, da yadda ruwa ke zuwa yana komawa. Bayan wani lokaci tsohuwar ta fito da sandarta, ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba, ta je bakin dutse ta tsaya tana kallon ƙasa. Ta daɗe ƙwarai. Da ta yi magana, ba ta juyo ba.

Ta ce a daidai nan ta tsaya wancan karon. Maƙabartar ƙauyensu tana gaba kaɗan da inda kwale-kwalen can yake. Mahaifiyarta tana ciki, da ɗanta na fari wanda bai kai ga yaye ba. Sun kwashi ƙasar gona, amma ba su yi tunanin kaburbura ba sai da ruwa ya kewaye su. Ta tsaya tana kallo har ya rufe.

"Sau ɗaya ya isa mutum," ta ce. "Je ki kira limamin naki kafin in canza zuciya. Ki ce masa ƙasar da ta rage bayan an rufe, tawa ce, kada wani ya taka min ita."

Hamadu ya zo da gudu, abin da ba a taɓa gani ba. Ya durƙusa zai yi godiya, tsohuwar ta ce ya ajiye godiyarsa ya ɗauki shebur, kuma in an taka mata barkono ɗaya sai ya biya da giwan ruwa.

Aka raba aiki biyu. Wasu suka haƙa lungun gonar, ƙasar baƙa mai laushi tana fitowa ba wahala. Hamadu da dattawa uku suka gangara da sabon likkafani da tabarma. Blaise, wanda ba Musulmi ba ne, ya ce shi ba zai taɓa gawa ba amma ruwa aikinsa ne. Shi da mutanensa suka jawo kwale-kwale biyu suka gindaya su a gefe, suka danne da buhunan yashi, suka tsaya cikin ruwa har gwiwa suna tare igiyar ruwa da jikinsu, wani yana kwalfe abin da ya tsiyayo da bokiti.

Mata ba sa zuwa wurin. Kaltumi da tsohuwar suka shiga ɗaki suka saki labule. Suna jin ƙarar shebur daga nesa, da muryar Blaise yana cewa a yi sauri, sannan aka yi tsit na tsawon lokaci. Daga baya suka ji takun mutane masu ɗauke da kaya suna hawowa a hankali, suna salati ƙasa-ƙasa, suka wuce ta bayan ɗakin. Kaltumi ta rufe fuskarta da mayafi. Dada Salamatu tana yanka kuɓewa a ƙwarya, tana yi ƙanana fiye da yadda miya ke bukata.

Kafin azahar an gama. Hamadu ya tsaya a bakin ƙofa, rigarsa duk laka, ya ce an sa shi lafiya, ruwa bai riga ya shiga ba. Sannan ya tafi. Da la'asar filin gabas ya zama ruwa, babu alamar an taɓa haƙa komai a wurin. Ƙasar da ta rage ba ta wuce kwando biyu ba. Tsohuwar ta sa aka zuba mata ita a gindin tsagar bayan kanya. Ta leƙa, ƙasar ko duwatsun ƙasan ramin ba ta gama rufewa ba.

Tun daga nan Kaltumi da kanta take zuwa Lagdo ranar da jirgi ke isowa, domin babu mai aiko mata kifi kamar da. Wani manomi a bayan tashar jirage ya yarda ta riƙa ɗibar ƙasa a gefen gonarsa. Tana cika buhunan gishirin da suka ƙare, ta ɗaure, a kai bakin ruwa. Blaise yana ƙorafi kowane mako. Ya ce tun da aka yi tafkin ba a taɓa jin wanda ya yi dakon ƙasa ba sai shi, abokansa har sun fara kiransa mai tipa. Buhu ɗaya yake ɗauka, wani lokaci biyu, domin ƙasa tana da nauyi, itace da fetur kuma ba sa jira. Ruwan ƙarshen damina ya wanke wani sashe ta wata kafa da ba a lura da ita ba, sai da Hamadu ya shiga ramin ya toshe ta da duwatsu. Tsohuwar tana aiko da saƙo cewa ƙasar yashi ce, ko gyaɗa ba za ta yi a cikinta ba, amma a ci gaba da kawowa.

Da sanyi ya shigo, tafkin ya tsaya daidai farin zanen, ya fara ja da baya. Wata ranar kasuwa Kaltumi ta tambayi Blaise inda ƙasar ta kai. Ya nuna gwiwarsa. Ta tambayi lafiyar Dada. Ya ce tari ya dame ta, wannan karon ba ta fito ta zage shi ba, matan masunta ne ke tsinkar ganyen da kansu.

Kaltumi ta dubi jirgin. Ya riga ya nutse har ruwa na kusa da bakinsa. Ta ce ya sauke damman itacen da ta saya wa masu yi mata banda, ya sa buhu uku a madadinsu. Ya ce in babu itace babu kifinta mako mai zuwa, rumfarta za ta zauna wofi. Ta ce ta sani.

Blaise ya dube ta, ya kira mutanensa suka fara sauke itacen. Ita kuma ta ɗauki wani buhu wofi da fartanya, ta koma gefen gonar.